Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Roger Goodell: A Bar Shari'ar Brian Flores Ta Gudana a Bainar Jama'a

Zuwa ga Roger Goodell, Kwamishinan Gasar NFL ta ƙwallon zari-ruga na Amurka, da masu ƙungiyoyin gasar baki ɗaya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan ƙarar da Brian Flores, tsohon kocin Miami Dolphins, ya shigar ranar 1 ga Fabrairun 2022 a kotun tarayya da ke Manhattan. Ƙarar tana da rassa da yawa, amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne zargin cewa mai ƙungiyar Miami Dolphins, Stephen Ross, ya yi wa Flores tayin dala 100,000 a kan kowane wasa da ya bari aka ci ƙungiyarsa a kakar 2019. Ross ya musanta, ya ce ƙage ne da ɓata suna. Raba gardamar da ke tsakaninsu aikin kotu ne. Abin da nake nema a wurinka shi ne ka sauka daga kujerar alƙali a maganar da hukumar da kake shugabanta da mutanen da ke biyanka albashi su ne waɗanda ake ƙara.

Yawancin waɗanda za su karanta wannan wasiƙa da Hausa gasar Firimiya ta Ingila suka sani, don haka ka yi mini haƙuri in bayyana musu abin da kai ka daɗe da sani. A Firimiya, ƙungiyoyi uku na ƙasan teburi faɗuwa suke yi zuwa ƙaramar gasa, su rasa kuɗin talabijin, shi ya sa ko mafi rauni a cikinsu tana fafutuka har ranar ƙarshe. A ƙwallon zari-ruga na Amurka babu faɗuwa. Ƙungiyoyi 32 ne, suna nan daram kowace shekara, ana raba musu kuɗin talabijin daidai wa daida. Sannan ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ce ke fara zaɓar ɗan wasa daga cikin matasan da suka fito daga jami'o'i. An yi tsarin da kyakkyawar niyya, don mai rauni ya farfaɗo. Amma a shekarar da aka hango wani matashi gwanin jefa ƙwallo wanda zai iya riƙe ƙungiya shekara goma ko fiye, shan kashi yakan zama riba ga mai ƙungiya. Koci da 'yan wasa su ne ke kwana a ciki, domin da sakamakon wasa ake auna su, da shi ake korarsu.

Ka tuna yadda 2019 ta fara wa Miami. An sayar da Laremy Tunsil da Kenny Stills ga Houston ana gab da fara kaka, aka bi da Minkah Fitzpatrick zuwa Pittsburgh. Baltimore ta lallasa su 59 da 10 a wasan farko, New England ta ƙara musu da 43 da nema a na biyu. Wasa bakwai a jere ba su ci ko ɗaya ba. Duk mai kallo ya ɗauka an gama shirya komai don su zo na ƙarshe. Sai Flores ya ja waɗannan ragowar 'yan wasa suka ci biyar daga cikin wasanni tara da suka rage. A watan Disamba suka doke Cincinnati 38 da 35 bayan ƙarin lokaci, wato ƙungiyar da ta ƙare a ta ƙarshe ta ɗauki gwanin jefa ƙwallo Joe Burrow. A wasan rufe kaka suka je har gida suka doke New England 27 da 24. Miami ta koma ta biyar a layin zaɓe. Shekara ta gaba Flores ya ci wasa 10, wadda ta biyo baya ya ci 9 bayan ya fara da rashin nasara bakwai cikin wasanni takwas. Ranar 10 ga Janairun 2022 aka sallame shi.

Ina so ka ɗan tsaya a kan 'yan wasan nan. Wannan wasa ne da ƙatti ke gwabza kai da kai, ake karya ƙafa, ake tsinka jijiyar gwiwa, wasu su ƙare rayuwarsu da ciwon ƙwaƙwalwa. Hukumarka da kanta ta amince ta biya tsofaffin 'yan wasa diyyar da ta haura dala biliyan ɗaya a kan wannan ciwo. Kaɗan ne daga cikinsu suke daɗewa a gasar. Yaron da ya fito fili ranar Lahadi ya ba da jikinsa, ya bayar ne a kan cewa kowa a ƙungiyarsa, daga mai share ɗakin canza kaya har mai gida, nasara yake so. Idan akwai ko da ƙanƙanin yiwuwar cewa wanda ke zaune a ɗakin gilashi can sama yana fatan a ci su, wannan yaro yana da haƙƙin ya ji gaskiyar maganar daga bakin shaidu da suka yi rantsuwa.

Ka ce a yi bincike, aka ɗauko Mary Jo White, tsohuwar babbar mai gabatar da ƙara ta tarayya a New York kuma tsohuwar shugabar hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari. Mace ce mai daraja a aikinta. Ta yi wata shida tana aiki, ranar 2 ga Agustan 2022 ofishinka ya fitar da sakamako. An tabbatar da ɗaya daga cikin abubuwan da Flores ya yi nuni da su: Miami ta riƙa zawarcin shahararren ɗan wasa Tom Brady a asirce yana ƙarƙashin kwantiragi da New England, ta sake yi yana Tampa Bay, ta kuma tuntuɓi wakilin koci Sean Payton ba da izinin New Orleans ba. Aka ƙwace mata zaɓen zagayen farko na 2023 da na zagaye na uku na 2024, aka ci Ross tarar dala miliyan 1.5, aka dakatar da shi zuwa 17 ga Oktoba.

A kan maganar sayar da wasa kuwa, sanarwar ta ce ƙungiyar ba ta sha kashi da gangan ba. To, wannan kowa ya gani a fili, kuma Flores ne sanadi. Amma sanarwar ta kuma amince cewa Ross ya sha faɗa wa manyan ma'aikatansa, har da Flores, cewa matsayin ƙungiyar a layin zaɓe ya fi yawan nasara muhimmanci, kuma abin ya dami Flores har ya kai ƙorafinsa a rubuce. Da aka zo kan dala 100,000 ɗin, sai aka ce shaidu sun saɓa a kan lafazin da lokacin da yanayin da aka faɗe shi, kuma ko ma yaya aka faɗa, ba da gaske ake nufi ba, ba kuma da gaske aka ɗauka ba. Ranka ya daɗe, sanarwar ba ta ce ba a furta maganar ba. Wa ya ji ta? Wa ya ce raha ce? Shi wanda aka faɗa wa ai ya fito duniya ya ce da gaske ya ɗauka. Mai gida da ya riga ya nanata wa yaronsa cewa faɗuwa ta fi masa alheri, idan ya zo ya sa wa faɗuwar farashi, yaron ba shi da dalilin jin ta a matsayin barkwanci. Ba a hukunta kowa a kan wannan ɓangare ba, kuma abin da jama'a suka gani taƙaitaccen bayani ne daga ofishinka.

Wata biyar kafin nan, a Maris ɗin 2022, ka dakatar da ɗan wasa Calvin Ridley na Atlanta kaka guda cur saboda ya yi caca a kan wasannin NFL lokacin da ba ya tare da ƙungiyarsa. Shi ya ce dala 1,500 ya zuba. Bincikenku bai gano cewa ya yi amfani da wani sirrin cikin gida ko an taɓa sakamakon wani wasa ba. Duk da haka ya rasa albashin shekara na kusan dala miliyan 11, kuma hujjarka ita ce babu abin da ya fi amincin wasa muhimmanci. Na yarda da wannan hujja ɗari bisa ɗari. Saboda na yarda da ita ne nake tambaya me ya sa ba ta hau sama ba. Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe wa jihohi ƙofar halatta cacar wasanni a Mayun 2018, kuma hukumarka ta ƙulla yarjejeniya da Caesars da DraftKings da FanDuel a Afrilun 2021, miliyoyin mutane ne ke zuba kuɗinsu a kan waɗannan wasanni, ku kuma kuna samun rabonku. Ni ba ɗan caca ba ne, ba na kuma sha'awarta. Amma wanda ya gayyato ta gidansa ya ɗora wa kansa nauyin tabbatar wa duniya cewa wasan na gaskiya ne. Tun 1964 ma akwai dokar tarayya da ta mai da ba da cin hanci don juya sakamakon wasa laifi. Zargi mai wannan nauyi ya wuce a rufe shi da sakin layi ɗaya.

Ɗaya reshen ƙarar, na wariyar launin fata wajen ɗaukar masu horarwa, an yi ta magana a kansa, ba zan daɗe ba. Ranar da Flores ya shigar da ƙara, Mike Tomlin na Pittsburgh ne kaɗai baƙar fata da ke riƙe da babban koci a gasar da mafi yawan 'yan wasanta baƙaƙe ne, kusan shekara ashirin bayan kafa dokar Rooney ta 2003 da ta wajabta yi wa marasa rinjaye intabiyu. Flores ya nuna saƙon waya da tsohon maigidansa Bill Belichick ya turo yana taya shi murnar samun aikin New York Giants kwana uku kafin a yi masa intabiyu, daga baya Belichick ya gane cewa Brian Daboll yake nufi. Giants sun ce ba su yanke shawara ba sai bayan sun gana da kowa. Wataƙila haka ne. Hanyar ganewa ita ce a kira Belichick da shugabannin Giants su yi rantsuwa su faɗi wanda ya gaya wa wa, kuma yaushe. Abin da ya ba ni mamaki shi ne hukumarka ta fitar da sanarwa a ranar da aka shigar da ƙarar cewa ba ta da tushe, tun ba a tambayi kowa komai ba. Bayan 'yan kwanaki kai da kanka ka rubuta wa ƙungiyoyi cewa sakamakon ɗaukar masu horarwa abin da ba za a lamunta ba ne.

Hukumar da ta ce ƙara ba ta da tushe a rana ta farko, ita ce ta je kotu ta nemi a ɗauke ƙarar a kai ta zauren sasanci na sirri, inda tsarin mulkin NFL ya ce kwamishina ne ke da ikon yanke hukunci ko naɗa wanda zai yanke. Kwamishinan kuwa kai ne tun 2006. Masu ƙungiyoyi ne suka zaɓe ka, su ne ke sabunta kwantiraginka, su ne ke tsayar da albashinka, wanda jaridar New York Times ta ruwaito ya kai kusan dala miliyan 128 a shekara biyu. Ko da kai ne mafi adalci a duniya, babu mai hankalin da zai ba kura ajiyar nama ya koma gida ya yi barci. A Maris ɗin 2023 Mai Shari'a Valerie Caproni ta raba ƙarar: ta bar abin da ya shafi NFL da Giants da Denver Broncos da Houston Texans a kotu, ta tura na Miami zauren sasanci tare da ƙorafin koci Steve Wilks a kan Arizona da na koci Ray Horton a kan Tennessee. Kuka ɗaukaka ƙara a kan abin da aka bari a kotu. Ranar 14 ga Agustan 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke New York, ta bakin Mai Shari'a José Cabranes, ta ce tsarin naku sasanci ne a suna kawai, domin babu wani zaure mai zaman kansa a cikinsa. Kwana uku kafin nan Kotun Ƙolin jihar Nevada, da rinjayen alƙalai 5 da 2, ta faɗi kusan haka a ƙarar Jon Gruden, tsohon kocin Las Vegas Raiders.

Gruden ba mutumin da zan kare ba ne. Saƙonnin imel ɗinsa da suka fito a Oktoban 2021 cike suke da cin mutuncin mutane, har da kalaman wariya a kan shugaban ƙungiyar 'yan wasa na lokacin, DeMaurice Smith. Amma saƙonnin nan an tsamo su ne daga cikin kusan 650,000 da aka tattara a binciken ƙungiyar Washington, kuma nasa ne suka fara isa hannun 'yan jarida. Yana zargin hukumarka da tsegunta su don a raba shi da aikinsa, kun musanta. Mutum mai baƙin jini ma yana da haƙƙin alƙalin da ba abokin shari'arsa ba.

Na san amsar lauyoyinku. Za su ce Flores ya sa hannu a kwantiragi da idonsa biyu, kuma sasanci ya fi kotu sauri da arha. Aikin babban koci guda 32 ne kacal a duniya, kuma duk takarda iri ɗaya ake miƙa wa mai nema, wanda ya ƙi sa hannu sai ya canza sana'a. Maganar sauri kuwa, shekara uku da rabi aka kwashe daga shigar da ƙara zuwa hukuncin Cabranes ana jayayya a kan inda za a zauna, ba a ko taɓa ainihin zargin ba. Sirri ne kaɗai abin da zauren naku yake bayarwa wanda kotu ba ta bayarwa, kuma mun ga abin da ake yi da sirrin.

A Maris ɗin 2022 Cleveland ta ba Deshaun Watson kwantiragin dala miliyan 230 wanda aka lamunce masa kowace dala. Ƙungiyar 'yan wasa ta yi zargin cewa masu ƙungiyoyi sun haɗa baki don kada wani ya sake samun irinsa, tana misali da Lamar Jackson da Kyler Murray da Russell Wilson. A Janairun 2025 mai sasanci Christopher Droney ya yanke cewa ba a kawo isasshiyar hujjar haɗa baki ba, amma ya gano cewa kwamitin gudanarwar NFL, da amincewarka, ya ƙarfafa wa ƙungiyoyi gwiwar rage kuɗin da ake lamuncewa a taron masu ƙungiyoyi na Maris ɗin 2022. Hukumarka da shugabannin ƙungiyar 'yan wasa suka yarda a ɓoye hukuncin. 'Yan wasan da maganar ta shafi aljihunsu ba su gan shi ba sai da ɗan jarida Pablo Torre ya wallafa shi a Yunin 2025, wata mai zuwa shugaban ƙungiyar tasu, Lloyd Howell, ya yi murabus.

Haka aka yi a Washington. Lauya Beth Wilkinson ta binciki ƙorafin mata ma'aikata a kan cin zarafi, aka ce ta ba da rahoto da baki, aka ci ƙungiyar tarar dala miliyan 10 a Yulin 2021, aka so a tashi. Sai da kwamitin Majalisar Wakilai ya shiga, matan suka yi magana a bainar jama'a, sannan aka sake sabon bincike. Wannan karon an wallafa rahoton, aka ci mai ƙungiyar, Dan Snyder, tarar dala miliyan 60 a Yulin 2023, a ranar da kuka amince ya sayar da ƙungiyar a kan dala biliyan 6.05. Birnin St. Louis ya yi ƙarar ku a kan ɗauke Rams zuwa Los Angeles, da ranar shari'a ta matso kuka biya dala miliyan 790 a Nuwamban 2021. 'Yan wasa Colin Kaepernick da Eric Reid, da suka yi zargin an haɗa baki an hana su aiki, an sasanta da su a 2019 bisa sharaɗin kowa ya ja bakinsa. Har ma'aunin nan na diyyar ciwon ƙwaƙwalwa da ke ɗauka cewa baƙar fata tun asali yana da ƙarancin kaifin tunani, ba a daina amfani da shi ba sai da tsofaffin 'yan wasa Kevin Henry da Najeh Davenport suka kai ƙara kotu a 2020. Duk gyaran da na lissafa daga waje aka tilasta shi.

Akwai dalilin da ya sa Bahaushe zai damu da wannan. Kun fara zuwa Afirka neman 'yan wasa da 'yan kallo: sansanin horo a Accra a 2022, Kenya a 2023, Legas a 2024, tsohon ɗan wasa Osi Umenyiora yana jan ragama. Iyaye za su miƙa muku 'ya'yansu, yaran za su sa hannu a takardun da ba su taɓa ganin irinsu ba. Flores ɗan baƙi ne daga Honduras, a Brownsville ta Brooklyn ya tashi, ya yi shekara goma sha biyar a New England daga ƙaramin ma'aikaci har ya zama mai tsara tsaron da ya riƙe Rams a maki 3 a wasan ƙarshe na Fabrairun 2019. Yana da shekara 40 ya shigar da ƙarar nan, ya kuma san tana iya raba shi da aikin babban koci har abada. Bayan ta sai ya koma mataimaki a Pittsburgh, daga nan ya riƙe sashen tsaro a Minnesota. Idan mai wannan tarihi sai da ya yi shekaru yana neman alƙalin da zai saurare shi, ina ga yaron da aka ɗauko daga Legas ko Kumasi?

Don haka ina roƙonka, da ku masu ƙungiyoyi, ku daina jayayya a kan zaure. Ku bar ƙarar Flores da Wilks da Horton, har da ɓangaren Miami, ta gudana a buɗaɗɗiyar kotu, Stephen Ross da duk wanda ya ji maganar dala 100,000 su ba da shaida bisa rantsuwa. Idan ƙage ne kamar yadda Ross ya ce, shi ne zai fi kowa cin moriyar haka, domin wankewar da ofishinka ya yi masa ba ta gamsar da kowa ba. Ku wallafa cikakken binciken Mary Jo White a kan Miami kamar yadda kuka wallafa na Washington. Sannan a taronku na gaba ku goge ayar da ta ba kwamishina ikon yin hukunci a rikicin da hukumarsa ke ciki, ku maye gurbinta da mai sasanci wanda ɓangarorin biyu za su zaɓa tare, kamar yadda kuka riga kuka amince a yi a wasu ƙararrakin 'yan wasa. Gyaran tsarin mulkinku ƙuri'a 24 daga cikin 32 yake buƙata, kuma kai ne ke zaune a kujerar shugaban taron.

Na gode da sauraro.

Naka,
Wani mai bin gasar NFL